Taj Mahal: Hubbaren da ke Tsaye Bisa Rijiyoyi

A arewacin ƙasar Indiya, a birnin Agra, nan bakin kogin Yamuna, akwai wani farin gini da a ke kira Taj Mahal. Wanda ya ga hotonsa ya kan zaci masallaci ne, ko kuwa fadar wani sarki. Hubbare ne, watau ginin da a kan yi bisa kabarin babban mutum, kamar yadda a ke cewa Hubbaren Shehu a Sakkwato. Sai dai wannan, mace aka gina wa, mijinta ne kuwa ya sa aka gina.

Mijin nan shi ne Shah Jahan, sarki na 5 a daular Mugal, watau sarakunan Musulmi, zuriyar Timur na Samarkand, waɗanda suka mallaki yawancin Indiya. Ya hau gadon sarauta a 1628. Matar kuwa sunanta na yanka Arjumand Banu, 'yar wani babban bafade ce mai asali daga Farisa. An ɗaura musu aure a 1612, ya sa mata laƙabi Mumtaz Mahal, ma'ana zaɓaɓɓiyar fada. Yana da waɗansu matan, amma ita ce mowa. Ba ya tafiya sai da ita, ko da yaƙi za shi, har ma hatimin sarauta a hannunta ya ke ajiye. A watan Yuni na 1631, suna sansani a garin Burhanpur, ta rasu wurin haihuwarta ta 14, tana da shekara 38. Marubutan fada sun ce sarki ya yi mako guda bai fito zaman fada ba, ya shekara 2 ba ya sauraron kiɗa, ba ya ado, gemunsa ya yi furfura. Aka binne ta a can tukuna. Bayan kamar wata 6 aka ɗauko gawar zuwa Agra, aka kai ta wani fili na Raja Jai Singh, wanda sarki ya ba shi waɗansu gidaje a madadinsa.

An soma aiki a 1632. Cikin shekara 12 hubbaren ya tsaya, amma sauran aiki bai ƙare sarai ba sai wajen 1653. An ƙiyasta ma'aikata sun kai 20,000. Wanda a ke danganta tsarin ginin gare shi shi ne Ustad Ahmad Lahauri. Marubucin tarihin sarki, Abdul Hamid Lahori, ya ce an kashe rufi miliyan 5. Bai kamata a manta ba, a shekarun da aka ɗiba harsashin nan, wata muguwar yunwa tana cin mutanen Gujarat da Dekan, kuɗin ginin kuwa daga harajin manoma ya fito.

To, abin da ya fara tsaya wa magina shi ne kogi. Ƙasar bakin kogi yashi ce da laka, ga shi kuwa Yamuna tana cika ta yi ambaliya da damina. In aka ɗora gini mai nauyi bisa irin wannan ƙasa, sai wani gefe ya nutse fiye da wani, bango ya tsage. Dabarar da suka yi ita ce, suka haƙa rijiyoyi masu zurfi a jere, suka ɗaure su, suka cika su da duwatsu da kwaɓin farar ƙasa, har kowace rijiya ta zama ginshiƙi binne cikin ƙasa. Sa'an nan suka haɗa kawunan ginshiƙan da bakuna, watau ginin da a kan lanƙwasa kamar bakan gizo, suka shimfiɗa dandamali a sama. Ta haka nauyin ginin ya ke ratse lakar sama ya sauka bisa ƙasa mai tauri, ya kuma rarrabu daidai. Mai ziyara ba ya ganin ko ɗaya daga cikin rijiyoyin nan, amma su suka riƙe ginin kusan shekara 400. Ruwan ambaliya ya taɓa bangonsa na bakin kogi a 1978, ya sake taɓawa a 2023, bai gusa ba.

Farin dutsen ma da a ke gani riga ce kawai. Cikin bangon duk jan tubali ne gasasshe, sai aka lulluɓe shi da allunan farin dutse mai santsi, aka ɗaure su da ƙarfe. Daga Makrana aka jawo dutsen da kekunan shanu, tafiyar fiye da mil 200. Haske ya kan ɗan shiga cikin irin wannan dutse kafin ya komo, shi ya sa launin ginin ke sākewa: da asuba ja-ja, da tsakar rana fari fat, da farin wata kamar azurfa.

Daga ƙasa zuwa ƙololuwa ginin ya kai kamar ƙafa 240. A nan ma akwai wata dabara. Ƙubbar da ta yi kyau daga waje, in aka bar ta haka daga ciki, sai ɗakin ya zama kamar rami mai duhu a kife. Wadda ta dace da ɗakin kuwa, daga nesa sai ta yi kama da ƙwarya. Saboda haka aka yi ƙubba biyu, wata cikin wata. Ta ciki tana rufe ɗakin a tsawon kamar ƙafa 80, ta waje ta tashi sama abinta, tsakaninsu sarari ne babu kome. Ba a Agra aka fara wannan ba, an yi a hubbaren Humayun a Delhi, kakan uban Shah Jahan, wanda aka gama wajen 1570, an kuma yi a Samarkand tun kafin nan. Ƙubba tana tura bangon da ke ɗauke da ita waje, don haka aka kewaye babban ɗakin, mai kusurwa 8, da ƙananan ɗakuna masu kaurin bango, su ne ke tokare da shi. Duk da haka aikin mutum ba ya rasa aibi. A 1652 Aurangzeb, ɗan sarki, ya rubuta wa ubansa takarda cewa ƙubbar ta yi yoyo da damina.

Maginan nan sun san halin ido ƙwarai. Hasumiyoyi 4 da ke kusurwoyin dandamali, kowace ta fi ƙafa 130, an ɗan karkata su waje kaɗan, yadda in girgizar ƙasa ta kā da su, ba za su faɗa wa kabarin ba. Ayoyin Alƙur'ani da ke kewaye da ƙofofi, ba tawada ba ce, baƙin dutse ne aka yanka harafi harafi aka dasa cikin farin. An ɗan ƙara girman haruffan sama, domin wanda ke tsaye ƙasa ya gan su daidai da na kusa da shi. Suratul Fajri ce a babbar ƙofar shiga, Yasin kuwa a manyan bakuna 4 na hubbaren. Mai rubutun, Abdul Haƙƙ mutumin Shiraz, wanda sarki ya yi wa laƙabi Amanat Khan, ya sa sunansa a cikin ɗakin. Haka kuma furannin da ke jikin kaburburan, duwatsu ne masu launi, da shuɗi daga Afganistan, da murjani, da ja irin wanda a ke yin tsakiya da shi, an goge su an dasa har yatsa ba ya jin mahaɗi.

Kome na wurin an yi shi biyu biyu. Akwai masallaci na jan dutse a yamma, sai aka gina irinsa a gabas, ba don salla ba, don dai ido ya ga daidaito. Lambun an raba shi huɗu da magudanan ruwa, kwatancin koramun Aljanna. Kabarin Mumtaz yana tsakiya sak. Abu ɗaya ne ya karya wannan tsari, shi ne kabarin sarkin kansa. A 1658 Aurangzeb ya ƙwace sarauta, ya tsare ubansa a ganuwar Agra, inda ya ke hango hubbaren daga nesa, 'yarsa Jahanara tana jiyyarsa. Ya rasu a 1666, aka sa shi a gefen matarsa, wajen yamma. Waɗanda a ke gani a babban ɗaki alama ce kawai, ainihin kaburburan suna wani ɗaki a ƙarƙashi.

Labarin da a kan bayar, wai an yanke hannuwan magina don kada su sake yin irinsa, ba shi da tushe a littattafan zamanin. Haka nan zancen wai sarki ya yi niyyar gina baƙin hubbare a ƙetaren kogi, wanda ya samo asali daga wani Bafaranshe mai fataucin lu'ulu'u, Tavernier. Da aka tona wurin a shekarun 1990, lambu da tafki aka tarar.

Ginin ya sha wuya a hannun mutane. Bayan daular ta yi rauni an wawashe kayansa, a lokacin tawayen 1857 kuma sojan Ingila sun ɓamɓare duwatsu daga bango, sai da Lord Curzon ya sa aka yi masa babban gyara, aka gama a 1908. A 1942 an rufe ƙubbar da katako don ɓad da ita daga jiragen yaƙi. A 1983 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya.

Amma maƙiyin da ya fi wuyar tarewa iska ce. Farin dutsen nan dangin alli ne. Hayaƙin kwal da na mai yana ɗauke da farar wuta, in ta gamu da raɓa sai ta zama ruwa mai tsami mai cin dutse. A 1996 Kotun Ƙoli ta Indiya ta umurci masana'antu 292 na kewayen Agra su bar ƙona kwal su koma gas, ko kuwa su tashi. Daga baya masana suka auna dattin da ke manne wa dutsen, suka tarar yawancinsa ƙura ce da hayaƙin ƙona shara da kashin shanu da man motoci, su ke mai da farin ya koma rawaya. Kogin kuma ya janye, ya ƙazantu, har a 2016 waɗansu ƙananan ƙwari da ke ƙyanƙyashewa cikinsa suka yi ta barin koren tabo a bango. Maganin da a ke yi wa dutsen shi ne a shafe shi da wani yumɓu mai laushi, irin wanda matan Indiya ke shafawa a fuska, a bar shi ya bushe ya tsotse dattin, sa'an nan a wanke da tataccen ruwa. Bayan 'yan shekaru sai a sake.