Yadda a ke rufe kujeru da teburan waje

A garuruwa da yawa na ƙasar Nijar, ɗalibai su na karatu cikin ajin zana. Idan an tashi babban hutu, damana ta riga ta faɗi. Iska ta kan kwashe zana, sai tebura da kujeru su zauna a fili wata uku. Haka kuma bencin ƙofar gida da kujerun tsakar gida su ke kwana waje. In akwai ɗaki, shigar da su ya fi. In babu, sai a rufe su.

Katako ya na shan ruwa. In ya sha, ya kumbura. In rana ta buge shi, ya bushe, ya tsage. Da haka ƙusoshi su ke sakin jiki, tebur ya fara rawa. Ƙafafun ƙarfe kuwa tsatsa ta ke cinye su. Kujerar roba ba ta tsoron ruwa, amma zafin bazara, wanda ya kan wuce digiri 40 a watan Afirilu da Mayu, ya na ƙona ta har ta ƙeƙashe ta karye.

Kafin a rufe kaya, sai a goge su, a bari su bushe sarai. Sa'an nan a jera bulo ko duwatsu, a ɗora su bisa. Katakon da ya taɓa ƙasa mai laima abincin gara ne, kuma gara a ɓoye ta ke aikinta.

Tampol shi ne marufi mafi kyau, sai dai ya na da tsada. Zanar gamba ta na tare rana da ƙura, amma ruwan watan Agusta ya na ratsa ta. Don haka wasu su kan shimfiɗa leda mai kauri, su ɗora zana a kanta. Wannan dabara ce mai kyau, domin zanar ta na kare ledar daga rana.

Ga inda mutane da yawa su ke kuskure: su na naɗe kaya da leda tun daga sama har ƙasa, su ɗaure tam. Laima kuwa daga ƙasa ta ke tasowa. In ba ta sami hanyar fita ba, sai ledar ta yi gumi daga ciki, katako ya yi funfuna ya ruɓe. Saboda haka a kan bar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakin marufi da ƙasa, iska ta riƙa wucewa.

Marufi kuma ba ya son kwari. A kan kafa sanda a tsakiya, ya yi tsini kamar jinka, ruwa ya gangara. Inda ruwa ya kwanta, cikin mako ɗaya ko biyu sauro ya ƙyanƙyashe. Daga gabas hadari ya fi tasowa, don haka can ne a ke ƙara igiya da manyan duwatsu. Ran da gari ya yi rana, sai a yaye marufin, kaya su sha iska, a duba ko gara ta fara gini.