Jiragen Hunturu: Daga Gulbin Rima Zuwa Kwatar Yawuri

Duk wanda ya bar cikin birnin Sakkwato da sanyin safiya a watan Janairu, ya kama hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har ya gangara fadamar Kwalkwalawa, zai tarar Gulbin Rima ya janye jiki. Ruwan da a watan Satumba yake shafe gonaki ya koma kwarinsa, ya bar yashi da busasshiyar laka a gaɓa biyu. Hazo ya rufe gabas, rana ta fito ba ta da kaifi, manoma sun naɗe kunnuwa da rawani suna fama da injin ban-ruwa. A ƙarƙashin gada ƙananan kwale-kwale ne ke giftawa: wannan da damin rake, wancan da buhun albasa uku ko huɗu, wani kuma masunci ne shi kaɗai da komarsa. Mai fito yana tsaye a baya yana dogara gora, don a wurare da yawa ruwan bai kai zurfin da filafili zai yi aiki ba.

Iyakar abin da Sakkwato take da shi na jirgin kaya ke nan. Manyan kayanta duka a kan taya suke tafiya, daga simintin Kalambaina zuwa shanun kasuwar Kara, da fatu, da albasar da ake lodi zuwa kudu. Ko titin jirgin ƙasa da Turawa suka shimfiɗo daga Zariya a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929, bai ƙaraso birnin Shehu ba. Amma ruwan nan da ke wucewa ƙarƙashin gada yana da inda za shi, kuma wanda ya bi shi zai kai inda ake ganin jiragen kaya na gaske.

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtua, ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori da aka gama a 1978. Rima kuma tana tattaro ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ta taru a madatsar Goronyo da aka kammala a 1984. Su biyun suna haɗuwa dab da birnin Sakkwato, su nufi Argungu da Birnin Kebbi, su karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sannan su zuba a cikin babban kogin da Hausawa ke kira Kwara, wanda taswira ke kira Neja. Daga nan sai Yawuri. Mai mota yana bin Tambuwal da Jega da Koko ne kafin ya isa, kuma har zuwa 1991, lokacin da aka yanki jihar Kebbi, duk hanyar nan cikin jihar Sakkwato take.

Sha'awar wannan kogi ce ma ta kawo Baturen nan Hugh Clapperton fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. So yake ya san inda Kwara take ƙarewa, ya nemi ya wuce Yawuri, aka nuna masa hanya ba lafiya saboda yaƙe-yaƙe, ya koma. Shekaru goma sha takwas kafin nan, Mungo Park ya wuce Yawuri a cikin jirginsa ya halaka a duwatsun Busa. Waɗannan duwatsu, da tsohon garin Busa kansa, yanzu suna ƙarƙashin ruwa. Madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, ta tare kogin ta haifar da tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 da faɗin ƙasa kimanin murabba'in kilomita 1,300. Mutum kusan dubu 44 aka tasa daga gidajensu, cikinsu har da Gungawa waɗanda sunansu ma daga tsibiran kogin ya samo asali. Yelwa, hedikwatar masarautar Yawuri, ta wayi gari a bakin arewacin tafkin.

A nan ne hunturu yake da wani labari dabam.

Mutumin Sakkwato ya saba da cewa gulbi da damina yake cika, da rani ya ƙafe. A Yawuri sau biyu ruwa yake zuwa a shekara. Na farko shi ne na damina, daga Agusta zuwa Oktoba, wanda ruwan saman ƙasashen kusa ke kawowa, ciki har da na Rima da Zamfara. Yana zuwa da laka, launinsa kamar an dama kunu, shi ya sa masana ruwa suke ce masa farar ambaliya. Na biyu yana isowa ne daga Disamba, ya kai har Fabrairu ko Maris, a lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Wannan ruwa an yi shi ne tun da damina a duwatsun ƙasar Gini, inda Kwara ta samo tushe. Da ya gangaro Mali sai ya bazu a wata makekiyar fadama tsakanin Mopti da Tambutu, ya kwanta cikin ciyayi da ƙoramu wata da watanni, rana ta sha rabonta, lakarsa ta zauna. Abin da ya rage shi ke sulalowa a hankali ta Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo. Yana isowa garau, ana hango ƙasansa a bakin gaɓa. Sunan da masana suka ba shi, baƙar ambaliya, ba zai ba Bahaushe mamaki ba, don tun fil azal ruwa mai tsabta wanda ba a gauraya da komai ba baƙin ruwa muke ce masa.

Wannan baƙin ruwa shi ke riƙe tafkin a cike duk tsawon hunturu. Saboda haka lokacin da mai fito a Kwalkwalawa ke tura jirginsa a kan yashi, takwaransa na Yawuri yana cikin kakarsa. Jirgi yana matsowa har bakin kwata, wato inda ake lodi da sauke kaya, ba sai 'yan dako sun yi doguwar tafiya cikin taɓo ba. Kuma an yi dace, lokacin ne amfanin gona yake shigowa kasuwa.

Ranar kasuwa ita ce ranar kallo. Tun kafin hazo ya washe ake jin ƙugin inji daga nesa, sannan a ga baki-baki yana ɓullowa, sai can a gane jirgi ne. Dogaye ne na katako, an haɗa su da ƙusa, an toshe kafofinsu, an ɗaura musu injin Yamaha a baya, wasu guda biyu. Wanda ya sha lodi ana gane shi tun daga nesa, don bakinsa da ruwa bai fi taki ɗaya ba. Abin da ke fitowa daga cikinsa yana da ban mamaki ga baƙo: buhunan shanshera da masara da gero, albasa, kwandunan bandar tarwaɗa da ƙarfasa, buhunan warangi, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a rana, itacen girki, awaki a ɗaure, babura a jingine, mata da goyo a zaune a kan kaya. Idan ya juya kuma sai ya ɗauki abin da tsibiri ba ya nomawa: siminti, kwanon rufi, gishiri, sukari, jarkokin fetur. Akwai ƙauyukan da jirgi ne kaɗai motarsu, shi ne kuma motar asibitinsu. Wasu jiragen har ƙetare iyaka suke yi, su hau kogi zuwa Gaya a Nijar da Malanbil a Jamhuriyar Benin.

Tuƙin ruwa ilimi ne da ba a rubuta ba. Sarkawa, waɗanda asalinsu ƙasar Kabi ne kuma suka bazu a kan Kwara da sana'ar su, da Gungawa da sauran mutanen bakin ruwa, suna karanta fuskar tafki yadda makiyayi ke karanta daji. Sun san inda tsohon kwarin kogi ya bi, sun san inda kututturan itatuwan da tafki ya haɗiye suke tsaye ƙarƙashin ruwa har yau, sun san mazaunin dorina. Hunturu yana ƙara musu aiki. Iskar arewa maso gabas tana tada igiya a inda tafkin ya buɗe, hazo yana ɓoye gaɓa, matuƙi ya rasa bishiyar da ya saba saitawa.

Ba a raba wannan sana'a da makoki, kuma bai kamata mai kallo ya kau da kai ba. A ƙarshen watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, 'yan kaɗan ne suka tsira. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a hatsarin jirgin ruwa a Gidan Magana cikin ƙaramar hukumar Shagari, nan kusa da Sakkwato, yawancinsu yara da matasa. Dalilan da ake kawowa kullum su ne dai: lodi fiye da ƙima, tsohon katako, tafiyar dare, rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar. Sai dai mai jirgin da fetur ya cinye masa riba, da fasinjan da in ya rasa jirgin yau sai kasuwa mai zuwa, suna da nasu lissafin, kuma dokar da ba ta shiga cikin wannan lissafi ba a takarda take kwana.

Akwai wani gari a can arewacin Amurka da ya kamata a ajiye kusa da Yawuri, don shi ma a ƙuryar tafki yake, nesa da teku. Sunansa Duluth, a jihar Minisota, a bakin yammacin Tafkin Superior mai faɗin murabba'in kilomita fiye da dubu 82, wato ya ninka Kainji sau sittin da wani abu. Tsakaninsa da Tekun Atilantika tafiyar ruwa ce ta kilomita kusan 3,700, amma tun da aka buɗe hanyar Kogin Saint Lawrence a 1959 jiragen teku suke isa har can su ɗauki alkama. Mafi girman jiragen tafkin ba sa ma iya fita teku. Guda goma sha uku daga cikinsu tsawonsu ya kai mita 300, kamar filin ƙwallo uku a jere, kuma kowanne yana ɗaukar tan dubu 60 ko fiye na dutsen ƙarfe ko kwal. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka. Sai an jera irinta dubu biyu daga Kalambaina kafin a cika jirgi ɗaya.

Mutanen Duluth sun mayar da kallon jirgi abin nishaɗi. Akwai wata gadar ƙarfe a bakin mashigar tashar, wadda aka gina a 1905 aka sake mata fasali wajen 1930, da ke ɗaga tsakiyarta sama ɗungurungum idan jirgi zai wuce. Jirgi ya busa ƙaho, gada ta amsa. A watan Disamba da farkon Janairu mutane suna tsayawa cikin sanyin da ke daskarar da gemu don su ga jirgi ya ɓullo daga cikin tururin da ke tashi a kan tafki, goshinsa ya yi fari fat da ƙanƙara, ƙaramin jirgin fasa ƙanƙara ya riga ya buɗe masa hanya. Su ma suna da nasu makokin. Ranar 10 ga Nuwamban 1975 guguwa ta nutsar da jirgin Edmund Fitzgerald da ma'aikatansa 29, kuma har yau ana taruwa a ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai hunturunsu rufe hanya yake yi. A Sault Sainte Marie, inda Superior ke zuba cikin tafkunan ƙasa, akwai ɗakunan ruwa masu ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ko a rage ruwa, ya hau ko ya sauka kimanin mita shida. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ake kulle su. Jirage su kwanta a tasha, masu walda su shiga cikinsu, ba a sake buɗewa sai wajen 25 ga Maris. Makonni goman nan da Duluth ke zaune shiru su ne daidai lokacin da ruwan Gini ke kan ganiyarsa a Yawuri.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ita ma madatsar Kainji an gina ta da irin wannan ɗakin ruwa, don manyan jiragen dakon kaya su iya hawowa daga Jabba zuwa cikin tafki. Waɗanda suka zana ta sun hango ranar da kaya za su taso daga bakin teku ta Lokoja su sauka a Yelwa, gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Sakkwato su bi ta nan su gangara. Wannan zirga-zirga ba ta kafu ba. Tashar Baro a jihar Neja, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2019, ita ma ta daɗe tana jiran hanyar mota mai kyau da yashe kogi. Abin takaici ne ganin tireloli suna ragargaza titin Jega zuwa Yawuri da kayan da ruwa zai ɗauka da araha, alhali ruwan yana kwance a gefen titin a cike, a daidai watannin da albasa da shinkafa ke neman mai kai su kudu. Jiragen katako na Sarkawa da Gungawa su ne suka riƙe hanyar ba tare da tallafin kowa ba, kuma su ya kamata a fara dubawa: jirgi mai ƙwari, kwata ta kankare, fitilar da ke nuna hanya cikin hazo, da sare kututturan da ke ƙarƙashin ruwa.

Daga ƙarshen Maris baƙin ruwa yana yankewa. Injinan wutar Kainji suna ci gaba da sha, tafki ya fara ja da baya, kwata ta riƙa matsawa ƙasa mako bayan mako, 'yan dako su ƙara kuɗin buhu saboda nisa. Manoma suna bin sawun ruwan da shuka a kan lakar da ya bari. A Kwalkwalawa kuwa zafi ya sauka, wasu masu fito sun jawo kwale-kwalensu kan yashi sun kife, suna toshe tsagar katako kafin ruwan Goronyo ya dawo.