Abin da Ya Sa Ƙungiyar Amul ta Indiya ta Ɗore Bayan Shugabanninta

Yawancin ƙungiyoyin gama kai kan yi tashe muddin wanda ya kafa su yana raye, da zarar ya kau sai su watse. Ƙungiyar masu madara ta Amul, da ke garin Anand a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, tana cikin 'yan ƙalilan da suka tsallake wannan siraɗi.

An kafa ta ne a 1946, bayan da manoman gundumar Kaira suka ƙaurace wa kamfanin Polson, wanda ya kankane cinikin madara yana saye da arha. Shugabanta na farko, Tribhuvandas Patel, ɗan siyasa ne mai faɗa a ji a ƙauyuka, amma bai san aikin inji ba, bai kuma yi girman kai ba. Sai ya jawo wani matashin injiniya, Verghese Kurien, wanda ya zo Anand a 1949, ya damƙa masa gudanar da masana'anta. Patel ya riƙe jama'a, ya tare 'yan siyasa a bakin ƙofa. Kurien ya riƙe injuna da littattafan lissafi.

Wannan rabon aiki shi ne ƙashin bayan ƙungiyar. Manoma ne masu dukiya, su ke zaɓen shugabanni tun daga ƙauye zuwa gunduma, har zuwa tarayyar jiha da aka kafa a 1973. Amma ƙwararrun da aka ɗauka a kan albashi su ke sarrafa madara da neman kasuwa. A ƙauye kuwa, ana auna yawan man da ke cikin madarar kowa a gaban idonsa, a biya shi gwargwadon haka, ba sani ba sabo. Matar da ta kawo lita biyu ba ta buƙatar sanin kowa kafin ta sami haƙƙinta.

Kurien ya kuma yi tanadin magada, domin a 1979 ya kafa cibiyar horar da manajojin harkokin karkara a Anand.

Duk da haka rabuwar ba ta yi daɗi ba. A 2006 saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabannin tarayyar, ya yi murabus bayan ya shafe fiye da shekaru 30 yana shugabancinta, wanda a gaskiya ya yi yawa. Ya rasu a 2012. Motocin madara ba su fasa zagaya ƙauyuka safe da yamma ba, kuma manoma fiye da miliyan 3 ne ke cikin tsarin a yau.