RUWAN IKKO A TANKIN A-KORI-KURA

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege ya san cewa tun kafin a kira assalatu motocin a-kori-kura sun fita neman abinci. Waɗansu na kai dusa da harawa kasuwar shanu ta Oko-Oba, waɗansu kuwa sun nufi Mil 12 domin su kwaso kwandunan tumatir da buhunan albasa da attaruhu waɗanda manyan motoci suka sauke daga Kano da Katsina da Sakkwato, su rarraba su ƙananan kasuwannin Ikko kafin rana ta ɗaga. Kakanninmu jirgin ƙasa da cinikin goro suka zaunar da su a wannan unguwa. Jikokinsu da yawa yanzu sitiyari suke riƙe da shi, kuma galibi motar ba tasu ba ce. Ko dai bashi aka ci aka saye ta, ko kuwa akwai wani Alhaji da ke jiran balas kowace yamma.

To, jama'a, abin da ke kwantar da irin waɗannan motoci, musamman masu shan gas, sau da yawa ba wani babban abu ba ne. Wani ɗan gwangwani ne da bai fi na madarar gari girma ba, yana maƙale a gefen injin, tsakanin tanki da famfon injekta. Shi ne makanikai ke kira filtar mai. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na kayan da take tsarewa, amma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a motar.

Sai mutum ya san yadda injin gas ke aiki sannan zai gane darajar filta. Shi ba shi da fulogi kamar injin fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa gas a cikinta kamar hazo, nan take ya kama da wuta. Wannan ita ce dabarar da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tabbatar a 1897, har aka sa wa man sunansa. Famfon da ke tura gas ɗin da nozul ɗin da ke fesa shi an ƙera su ne da ƙarafa masu gogar juna, ratar da ke tsakaninsu ido ba ya ganinta, kuma babu baƙin mai da ke shiga wurin. Gas ɗin da kansa shi ne ke ba su santsi. Watau ke nan duk abin da ya biyo gas, ko ƙasa ce ko tsatsa ko ruwa, kai tsaye zai je ya ci waɗannan ƙarafa.

Tsofaffin injuna, irin 3L da 5L na Toyota Hilux waɗanda direbobinmu suka saba da su, suna da haƙuri. Za su yi tari, su yi hayaƙi, amma su kai ka gida. Sababbin kuwa masu kwamfuta, waɗanda aka fara sa irinsu a manyan motocin Hino na Japan a 1995, suka kuma zama ruwan dare a Hilux ɗin da ya fito daga 2004 zuwa 2005, ba su san wannan haƙuri ba. Suna matse gas da ƙarfin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000 ko fiye, alhali iskar da ke cikin tayar motar ba ta wuce bar 2 zuwa 4 ba. Filtarsu ana so ta tare ƙurar da ba ta wuce maikiron 5 ba, shi kuwa silin gashin mutum kaurinsa wajen maikiron 70 ne. Wanda ya koyi tuƙi a kan tsohuwar mota, ya zo ya riƙa yi wa sabuwa irin riƙon da ya saba, shi ne ke shan mamaki.

ƘURA A GIDA, RUWA A KURMI

Ga wani abu da ya kamata ɗan Arewa ya lura da shi. A gida ƙura muke tsoro. Direban da ya tashi a Funtuwa ko Gusau ya san hunturu, ya san kakkaɓe filtar iska, ya san ɗaure bakin tanki da tsumma. Amma a nan Kurmi babban abokin gaba ruwa ne, kuma yana shiga tanki ta hanyoyin da mutum ba ya zato.

Iskar Ikko a jiƙe take duk shekara. Idan aka ajiye mota da dare tanki rabi, iskar da ta cika sauran rabin sai ta yi raɓa a jikin ƙarfe, raɓar ta gangara cikin mai. Ɗigo ne yau, ɗigo ne gobe. Sa'an nan ga damina, wadda kan yi ƙarfi a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ambaliya kan malale tituna har ta sami hanyar shiga tankunan da ke binne a ƙarƙashin ƙasa a gidajen mai marasa kula. Ga kuma duro da jarkar 'yan bumburutu, waɗanda ke kwana a waje ruwa na dukansu. Ruwa ba ya gauraya da gas, kuma ya fi shi nauyi, saboda haka sai ya kwanta a ƙasan tanki. Idan ya daɗe, tanki ya yi tsatsa, kuma a daidai inda ruwa da gas suka haɗu waɗansu ƙwayoyin halitta kan tsiro su zama wata baƙar yauƙi mai kama da miyar kuka da ta kwana. Ita ce ke toshe sabuwar filta cikin mako biyu, direba ya koma yana zagin mai kanti.

Tsadar mai ta ƙara dagula al'amarin. Gas bai kasance cikin man da gwamnati ke tallafa wa farashinsa a wancan lokacin ba, saboda haka da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, lita ta tashi daga ƙasa da naira 300 a watan Janairu zuwa fiye da naira 800 a Disamba, a 2024 kuma ta haura naira 1,000. Duk lokacin da haka ta faru, kasuwar masu algus ke buɗewa: a zuba kananzir, ko a kawo wanda aka dafa a daji a yankin Neja Delta, a sayar da rangwame. A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakar filta. Tana tare ƙasa da tsatsa, tana raba ruwa, amma ba ta iya raba kananzir da gas, shi kuwa kananzir ba shi da santsin da famfo ke bukata. Haka nan ba ta cire farar wuta da ke narke a cikin mai, wadda a kanta ne ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto a 2016, ta nuna yadda ake kawo wa Afirka gas ɗin da dokar Turai ta hana sayarwa a can. Maganin wannan ɗaya ne, mutum ya tsaya a gidan mai guda da ya yarda da shi, ya kuma karɓi rasit.

Filta ba ta mutuwa ba sallama. Mota za ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da an ɗora mata kaya aka zo hawan gadar Pen Cinema sai ka taka totur ka ji ba kowa. Daga nan sai fizga, sai wuyar tashi, sai mutuwa a tsakiyar gosulo. Mai kayan gwari ya san ma'anar wannan. Tumatir ba ya jiran makanike, ga 'yan LASTMA da motar janwe, ga zauna-gari-banza da ke tsirowa ko'ina mota ta tsaya. Yawancin motocin suna da wata fitila a gaban direba da ke kamawa idan ruwa ya taru a ƙasan filta. Abin takaici, waɗansu maganin da suke yi mata shi ne su cire wayar domin ta daina damunsu.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai masu kwance filta su wanke ta da fetur, su kai wa mai faci ya hura mata iska, su mayar. Takarda ce a ciki, iskar kuwa yaga ta take yi. Akwai masu huda ta da ƙusa, akwai ma masu haɗa tiyo da tiyo su tsallake ta gaba ɗaya. Lalle motar za ta tashi da ƙarfi a ranar, direba ya yi ta yaba wa makanike. A ganina wannan ba gyara ba ne, sayar da famfon injekta ne da nozul huɗu a kan kuɗin filta ɗaya.

YADDA AKE CANZA TA

Aikin bai kai sa'a guda ba, kuma direba mai natsuwa zai iya yi da kansa. Wahalar ta fi yawa wajen saye. A kasuwar Ladipo da ke Mushin da sauran kasuwannin kayan mota akwai na gaske akwai jabu, kwalinsu iri ɗaya. A tafi da lambar filtar ko lambar injin, kada a ce wa mai kanti "ta Hilux" kawai, domin Hilux iri-iri ce tun daga 1968. A duba ko akwai sababbin zobban roba a cikin kwalin. Wadda aka ji araharta ta yi yawa, a ajiye masa abarsa.

A kashe mota a inda babu ƙura da iska, a goge kan filtar da kewayenta tsaf kafin a taɓa komai, domin dattin da ya faɗa ta ɓangaren da mai ke fita ya riga ya wuce mai gadi. A cire wayar da ke ƙasa, a tara kwalba mai haske, a kwance ɗan notin da ke gindin filtar, abin da ke ciki ya tsiyaye. A ɗaga kwalbar a duba: in akwai ruwa za a gan shi kwance a ƙasa, gas na bisa. Sai a kwance filtar. A tsofaffin motoci gwangwanin gaba ɗaya ake juyawa a cire, a sababbi kuwa murfi ake buɗewa a zare takardar da ke ciki. Abin da ke gane ruwa, wanda ke ɗaure a gindin tsohuwar, a mayar da shi jikin sabuwar da sabon zoben roba. A shafa wa zoben ɗan gas mai tsabta, a ɗaura da hannu har ya zauna, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na juyi. Ba a sa mata ƙarfin sufana, kuma ba a mayar da tsohon zobe, domin ta nan iska ke shiga.

Makanikai da yawa kan cika sabuwar filta da gas daga jarka kafin su ɗaura, wai don mota ta tashi da wuri. A injin mai kwamfuta kada a yarda da haka, saboda wani sashe na wannan gas zai wuce famfo ba tare da an tace shi ba. Ai domin haka aka sa ɗan famfon hannu a saman filtar. A yi ta danna shi, ko sau talatin ne ko fiye, har a ji ya yi tauri. Sa'an nan a yi kik, kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, in ba ta kama ba a huta a sake danna famfon. Da ta tashi a bar ta tana aiki minti biyar, a duba ko akwai yoyo.

Gargaɗi guda, malam direba, kuma a gaya wa yaran mota. A injin mai kwamfuta kada kowa ya kwance bututun ƙarfe da ke zuwa nozul da sunan fitar da iska, kada kuma a sa yatsa a nemi inda ke yoyo injin na aiki. Gas mai irin wannan matsi yana huda fata kamar allura. Ramin ƙarami ne, amma yakan kai ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti nan da nan ba.

Littattafan kamfanoni kan ba da tsakanin kilomita 20,000 da 40,000 kafin a canza, gwargwadon motar. Da irin man da muke sha, mai hankali ba zai jira ƙarshen lissafin ba. Ya riƙa tsiyaye ruwa a duk lokacin juyen baƙin mai, da damina kuwa kowane mako, ya kuma cika tanki da yamma maimakon da safe in hali ya yi. Mai niyyar zuwa gida da Salla, tafiyar da ta fi kilomita 1,000 in Kano za shi, ya sa sabuwar filta guda a bayan kujera.

Tsohuwar da aka cire kuma kada a yi saurin jefa ta kwata. A yanka ta a buɗe takardar a rana. In jar tsatsa ce ko baƙar yauƙi, sai an sauke tanki an wanke, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta yi wata guda ba. In kuwa aka ga ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli a jikin takardar, to famfo ya riga ya fara cin kansa. Kada a ɗora wa motar kaya, a kai ta wurin mai gyaran injekta a ranar.