Yadda Ake Niƙa Fentin Mai Na Masu Zanen Hoto

A babban gidan ajiyar hotuna na birnin Landan akwai wani hoton attajiri da matarsa wanda Jan van Eyck ya zana a 1434. Yau kusan shekara 600 ke nan, amma koriyar rigar matar tana nan da haskenta. Ban da gwanintar mai zanen, asirin wannan ƙarko yana cikin fentin da aka niƙa da hannu.

Abu biyu ne tushen fentin mai, wato garin launi da mai. Amma ba kowane mai ba. Man gyaɗa, alal misali, ko ya shekara a jikin allo ba zai bushe ba. Wanda aka fi amfani da shi shi ne man da ake tatsa daga irin shukar da ake saƙa yadin lilin da zarenta. Shi wannan mai ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba. Iska yake sha sannu a hankali har ya sandare, ya zama wata fata mai tauri da ke riƙe garin launin. Aibinsa ɗaya shi ne yakan yi ɗorawa-ɗorawa in ya tsufa, saboda haka akan haɗa farin fenti da wani mai da bai kai shi rinewa ba.

Garin launi kuwa, daga wurare dabam-dabam ake samo shi. Akwai jar ƙasa da rawayar ƙasa masu tama a cikinsu, irin ta yankin Siyena a Italiya. Baƙi yakan fito daga ƙonannen ƙashi ko kunkunniyar fitila. Wanda ya fi kowanne tsada a da shi ne shuɗin da ake cirowa daga dutsen lazurdi na Badakshan, a ƙasar Afganistan. In aka daka dutsen kawai, toka-toka yake fitowa. Sai an cuɗa garin da kakin zuma da ƙaro da mai, a yi ta murza shi cikin ruwan toka, sa'an nan tsantsar shuɗin ta kwanta a ƙasan kwano. Sai a 1828 ne wani Bafaranse, Jean-Baptiste Guimet, ya ci gasar haɗa irinsa a masana'anta, kuɗinsa ya faɗi.

Daga nan sai niƙa. Maniƙi yakan tara garin bisa faifan gilashi ko na dutse mai santsi, ya yi rami a tsakiya, ya ɗiga mai kaɗan, ya cuɗa da wuƙa mai faɗin baki har ya zama kamar ƙullu mai kauri. Sa'an nan ya ɗauko ɗan niƙa mai shimfiɗaɗɗen gindi, ya riƙa kewayawa da shi, yana kankarowa yana sake niƙawa. Manufa ita ce a warware gudajin garin, kowace ƙwaya ta sami rigarta ta mai.

A nan ake gane gwani. Kowane launi da ƙishirwarsa: farar dalma mai kaɗan take sha, kunkunniya kuwa sai an ba ta mai yawa. In mai ya yi yawa, fenti ya yamutse bayan ya bushe. In ya gaza, ya farfashe ya zube. Wasu duwatsu kuma launinsu yakan kashe in an zarce da niƙa. Ƙananan masana'antu na yau suna amfani da inji mai gangar niƙa uku, amma har yanzu idon ma'aikaci ne ke yanke cewa niƙa ta isa. Dole ya rufe hanci, domin garin dalma dafi ne.

Ajiya ma ta taɓa zama matsala. A da, cikin mafitsarar alade ake ɗaure fenti, a huda a matso, ragowar ta yi ta bushewa. A 1841 wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙago bututun kuza da ake matsawa. Wannan ya sauƙaƙa wa masu zane fita daji su zana abin da idonsu ya gani.

Fenti mai arha yakan ƙunshi alli da wasu garuruwan cika ciki, launin gaske kuwa kaɗan. Da farko bambancin bai cika fitowa ba, sai an gauraya shi da fari a ga ya dushe. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai zanen da ke son aikinsa ya riski jikoki, tun daga kan dutsen niƙa yake fara lura.