Yadda gayyar sare kachala ke rage ambaliya a fadamun Haɗejiya da Nguru

Ba ruwan sama kaɗai ke haddasa ambaliyar da ke cinye gonaki tsakanin Haɗejiya da Nguru ba. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗejiya ya daina ƙafewa da rani, ciyawar kachala kuma ta samu damar toshe hanyoyinsa. Ruwan da ya rasa mafita sai ya malala cikin gonaki, alhali mutanen Gashuwa na kukan ƙarancinsa.

Shi ya sa manoma da masuntan yankin ke fita gayya da adduna da kwalekwale, suna sare ciyawar, suna yashe laka, domin su ne suka san tsohuwar hanyar kowace ƙorama. Aikin ba ya ƙarewa a shekara guda, saboda kachala na sake tohowa daga saiwarta.