Agogon Ban Ruwa: Yadda Za Mu Saita Shi

'Yan'uwa manoma, waɗansu ƙungiyoyi masu noman rani da tiyo mai ɗigo sun fara sayen agogon ban ruwa. Ɗan ƙaramin inji ne mai aiki da batir. Ana ɗaura shi a bakin famfon tanki, ya buɗe ruwa, ya kuma rufe da kansa. Amma fa ba ya ganin ƙasa, abin da muka gaya masa shi yake yi. In muka yi kuskure a zafin watan Maris, 'yan kwanaki sun isa tumatir ya zubar da fure.

Abu huɗu za mu gaya masa

1. Lokacin da ake ciki. Mu lura da AM da PM. AM daga tsakar dare ne zuwa tsakar rana.
2. Lokacin farawa. Ƙarfe 6 na safe ya yi, kafin rana ta yi zafi.
3. Tsawon ban ruwa. Ga misali: in kowace ƙofar ɗigo tana ba da lita 2 a awa ɗaya, ƙofa 200 za su sha lita 400. Ashe tanki mai lita 1,000 zai ƙare cikin awa biyu da rabi.
4. Kowace rana ne, ko bayan kwana biyu. Ƙasa mai rairayi tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Laka kuwa tana riƙe laima.

In ruwa ya ƙi zuwa

Kada mu yi saurin cewa agogo ya lalace. Mu fara duba batir. In muka sake shi, mu sake duba lokaci, gama waɗansu agogon sukan manta. Sa'an nan mu cire rariyar da ke bakinsa mu wanke, don yashi da gansakuka sukan toshe ta.

In duk wannan bai yi ba, watakila ƙarfin ruwa ne ya kasa. Da yawa daga cikin agogon nan an ƙera su ne don shayar da ciyawar ƙofar gida a Turai da Amurka, inda ruwan famfo ke da ƙarfi. Irinsu ba su buɗewa sai ruwa ya sauko daga tsayin mita 5 ko fiye. Tankin da ke bisa mita 2 ba zai motsa su ba. Kafin ƙungiya ta fid da kuɗinta, ta nemi irin wanda aka yi domin tanki, mai ƙwallo a ciki.

In ruwa ya yi yawa

Sau da yawa lokacin farawa biyu ko uku aka sa ba a sani ba. Mu share sauran, mu bar ɗaya.

A ƙarshe, mu yi wa agogon inuwa. Mu rage ruwa da hunturu, mu ƙara da bazara. Da damina mu cire shi, mu fid da batir, mu ajiye. Kowace ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya da zai riƙa tona ƙasa da yatsa kullum, ya ga ko da laima. Gani ya kori ji.